Shekarar da Dawar Gwaggo Ta Fito Babu Bununi

Ƙarfe bakwai na safe ne, raɓa ba ta gama bushewa ba, na kamo zangarniyar farko a ɗan filin gwajin da aka yanka mini a bayan makarantar aikin gona, na kaɗa ta a kan baƙar takarda. Ba abin da ya zubo. Dawa idan tana huda, da safe irin haka ko iska ce ta taɓa ta sai ka ga wani gari rawaya yana tashi kamar hayaƙi. Shi manoma ke kira bununi, kuma shi ne namijin dawa: sai ya sauka a kan 'yan gasun da ke leƙowa daga kowane ido na zangarniya sannan tsaba ke samuwa. Na kaɗa ta biyu, na kaɗa ta uku, na bi layin har ƙarshe, takarda tana nan baƙa ƙirin. Na zauna a kan kunya ina murmushi ni kaɗai, domin a wurin ɗaliba irina wannan babban samu ne. Ban san cewa a daidai lokacin irin wannan dawar tana tsaye cike da gona guda a ƙasar Sabuwa ba, kuma ita ce tuwon shekara na Gwaggo Tasalla da marayunta.

Kun sha jin labarin nan a bakin dangi, ku 'ya'yana, kowa da yadda yake ba da shi. Wasu sun ce wani magani na kawo daga boko ya kashe dawa. Wasu kuma, waɗanda maganarsu ta fi yi mini ciwo, sun ce kakanku ne ya yi sakaci, ya ɗauki abin da aka hana shi ya ba ƙanwarsa. Yanzu da shi da ita duk sun riga mu gidan gaskiya, saura ni kaɗai cikin waɗanda suka san yadda aka yi, shi ya sa nake rubuta muku.

Ni ba mai magana ba ce tun ina yarinya. A gidanmu na Tafoki idan baƙi suka zo, bayan rumbu nake komawa da littafi har su tafi. A makaranta ma kujerar baya nake zama, kuma sai in san amsa in bar wani ya faɗa. Abin da ya sa malaminmu na ilimin gādo, wanda muke kira Dokta, ya lura da ni shi ne ban taɓa ɗaura wa shuka alamar da ba tata ba. Shi ya ba ni aikin dawa a shekarata ta kusa da ƙarshe.

Aikin yana da sauƙin faɗa. Dawa tana ɗauke da namijinta da macenta a zangarniya ɗaya, ita ke yi wa kanta barbara. Wanda ke son ya aurar da iri biyu don ya sami dawa mai aure, wadda ta fi iyayenta ƙarfi da yawan tsaba, dole ya hana uwar yi wa kanta, kuma ba mai iya bin ido dubbai yana cire namiji da hannu. Sai masana suka sami wata dawa da Allah ya yi ta ba ta yin bununi ko kaɗan. Tana fito da kai, gasunta su buɗe, ta tsaya tana jiran abin da iska za ta kawo. Ita muke kira uwa. Abin da ya fi ɗaure mini kai, har na kwana biyu ina juya shi, shi ne wannan rashin ta wajen uwa kaɗai yake bi. Yana zaune ne a cikin ruwan ƙwayar halitta, wanda ɗa ke ɗauka daga uwarsa, uba ba ya bayar da shi. Amma uba ne ke yanke ko rashin zai bayyana a jikin 'ya'ya. Akwai uban da ke ɗauke da wani abin gādo mai rufe rashin, 'ya'yansa su fito da bununi, su yi tsaba su kaɗai. Shi ne mai maidowa. Akwai kuma uban da ba shi da wannan abin, 'ya'yansa su fito kamar uwarsu. Shi ne mai riƙewa. Da ido ba a bambanta su. Sai an yi auren, an shuka 'ya'yan, an jira huda.

Dokta ya ce yawancin dawar ƙasarmu da aka gwada masu maidowa ne, mai riƙewa ce ke wuyar samu, kuma ita ake nema don a ƙirƙiro uwa 'yar gida wadda ta san ruwanmu da ƙasarmu. Ya ba kowannenmu irin uwar, ya ce mu aurar da ita da dawar garuruwa daban-daban a filin makaranta. Ni na yi nawa, amma na ƙara da wani abu: na nemi izini in kai sauran irin gida, in aurar da shi da kaurar Baba. Kaura ce rawaya mai manyan ido, wadda ya gāda daga ubansa. Kowace kaka kafin a ɗaure dami shi da kansa yake bin gona ya zaɓi zangarniyoyin iri, ya rataye su a rufin zaure inda hayaƙi ke taɓa su.

Da na gaya masa abin da nake so, sai ya tambaya ko dawar da ba ta da namiji ma dawa ce. Na ce haka Dokta ya ce. Ya yanka mini layuka a tsakiyar babbar gonarsa, inda ko ta ina iska ta taso kaura za ta ratso. Uwar mai saurin huda ce, kaura kuwa ba ta fito da kai sai damina ta kusa ɗaukewa, don haka na jinkirta shukar, na kuma yi ta kashi-kashi don wasu su dace da hudar kaura. Lokacin hutu na dawo na rufe wasu zangarniyoyin da jakunkunan takarda, in buɗe da safe in kaɗa musu bununin kaura da hannuna in mayar. Masu wucewa kasuwar Yankara suna tsayawa a bakin gona suna kallo. Baba ya ce da Inna, inda zan ji, wai dawar Hajo ta sa hula za ta masallaci, ta fi wasu samarin garin.

Da kaka aka yanke layukan nawa daban. Waɗanda na rufe na ɗebi irinsu na tafi da shi makaranta. Sauran, waɗanda iska ta yi wa barbara, Inna ta sussuke su, aka sami kamar tiya uku, ta zuba a tulu da toka ta liƙe baki. Kafin in tafi na sami Baba a zaure, na durƙusa, na gaya masa kada a shuka abin da ke tulun sai na gwada shi, don ban san ko zai haifa ba. Ya ce ya ji. Baba idan ya ce ya ji, to ya ji.

To, wannan irin ne na shuka a makaranta da damina ta zagayo, kuma shi ne na kaɗa a kan baƙar takarda ban ga komai ba. Kaurar Baba mai riƙewa ce. Dokta ya zo da kansa ya duba da madubin ƙara girma, ya ga 'yan jakunkunan bununin a motse, fari-fari, babu komai a ciki. Ya ce in rufe sauran layukan da ke shirin huda a makon, na dawar sauran garuruwa, don a tabbatar da kowanne, domin zangarniyar da ta buɗe a fili iska ta riga ta ɓata shaidarta. Na roƙi kwana biyu in je in gaya wa Baba. Ina so in ga fuskarsa idan ya ji cewa kaurar ubansa tana da abin da masana ke nema.

Na isa Tafoki da azahar. Na tarar ya tafi gona, na shiga ɗakin Inna, idona ya faɗa kan tulun a kife. Inna ta ce ai tun farkon damina Gwaggo Tasalla ta zo neman iri, nata ƙwari sun cinye shi, an ba ta. Ta faɗe shi kamar tana ba ni labarin an ari tabarma. A gidanmu, da ma duk ƙasar, ba a hana iri. Mutum zai iya hana ka hatsin ci, ya ce rumbunsa ya yi ƙasa, ba wanda zai zarge shi. Amma wanda aka zo wa neman iri ya ce babu alhali akwai, har jikokinsa sai an goranta musu.

Na jira Baba ya dawo ya yi la'asar, sannan na gaya masa abin da na gani a makaranta. Murnar da na zo da ita ba ta fito ba. Ya saurara har na gama, bai ce komai game da yadda aka yi irin ya bar gidan ba, ni kuma ban iya tambaya ba. Abin da ya tambaya kawai shi ne ko iska ba za ta kawo mata bununin maƙwabta ba, kamar yadda ta yi a gonarsa bara. Na ce za ta kawo idan na maƙwabta suna huda a lokacin. Amma 'ya'yan sun ɗauko saurin uwarsu. A makaranta sun riga duk wata doguwar dawa da kusan wata guda.

Washegari muka hau motar Funtua, daga nan muka kama ta Sabuwa, muka ƙarasa ƙauyen a kan babura. Gwaggo Tasalla ƙanwar Baba ce, mijinta ya rasu shekara biyu kafin nan ya bar ta da 'ya'ya biyar da gona ɗaya. Doguwa ce, mai yawan tambaya, irin matan da idan mai gyaran rediyo ya zo sai sun tsaya a kansa sun ga cikin rediyon. Ko ruwa ba mu gama sha ba ta ja mu zuwa gona tana cewa mu zo mu ga abin da ba a taɓa gani ba. Gaskiyarta kuwa. Ban taɓa ganin dawa mai kyan wannan ba, kafin nan ko bayansa. Kara kamar rake, ganye shar, zangarniyoyi sun fara fitowa manya-manya, alhali gonakin da ke kewaye ko ciki ba su ɗauka ba. Ta ce mutane daga wasu ƙauyuka suke zuwa kallo, har an fara riƙon alkawarin iri.

Baba ya ce da ni, “Hajo, gaya mata.”

Na gaya mata ina kallon ƙasa. Ba ta yi salati ba, ba ta kuma yi kuka ba. Ta kamo zangarniya ɗaya ta sunkuyo da ita, ta ce in nuna mata inda namijin ya kamata ya kasance. Na nuna mata. Ta murza shi a tsakanin yatsu, ta duba yatsun, ta ce lalle babu komai. Sannan ta tambaya gasun nan za su jira har yaushe. Na ce abin da na karanta, idan ba su sami bununi ba suna iya jira kamar mako guda, wani lokaci fiye, daga nan su bushe.

Kafin magariba magana ta zagaye ƙauyen. Malam Iro, ƙanin mijin Gwaggo, wanda ke kula da al'amuran marayun, ya zo da wasu dattawa. Ba mugun mutum ba ne, kuma shawararsa ba ta banza ba ce. Ya ce tunda akwai sauran ruwa, a sare dawar a ba dabbobi, a yi maza a shuka wake a wurin. Wake ba tuwo ba ne, amma ana sayar da shi a sayi dawa. Idan aka tsaya jira ruwa ya ɗauke, an rasa duka biyun. Wani dattijo ya ce shi dai a ganinsa baki ne ya kama gonar, yawan kallon da aka yi mata ya isa. Ni ina bayan Gwaggo, na ja mayafi har goshi, ina da wata shawara ina ta jujjuya ta a baki. Ita ce ta juyo ta ce ta ga bakina yana motsi, in faɗa.

Na ce a makaranta idan uba yana nesa da uwa, ana yanko zangarniyarsa mai huda da yamma, a tsoma karan a ruwa, da safe ta zubar da bununi kamar tana gonarta. Idan za a sami dawar da ke huda yanzu a wani wuri, ana iya kawo ta a kaɗa. Malam Iro ya tambaya ko na taɓa ganin an yi wa gona guda haka. Na ce a'a, layi ɗaya ko biyu na gani. Ya tambaya ko zan iya rantsuwa za ta yi. Na ce ba zan iya ba.

“To kin ji,” in ji Malam Iro, yana duban Gwaggo. “Ita kanta mai abin ba ta sani ba.”

Gwaggo ta ce, “Na ji. Wake na san shi. A bar mini dawata.”

Samun dawa mai huda ya fi faɗarsa wuya. Da safe na zagaya gonakin ƙauyen da na maƙwabta, duk doguwar kaura ce da farafara, ba wadda ta fito da kai. Baba ne ya tuna da Kawu Lawal, yayan Inna, mai sayar da hatsi a Kankara, wanda ya karɓi wata gajerar dawa mai saurin nuna daga hannun malaman gona. Shekara biyu ana yi masa dariya a kanta, ana cewa ya shuka dawar da karanta ba ya darni, ko akuya sai ta sunkuya ta ci.

A tashar Funtua ne na tsaya tsakanin mota biyu. Kwanakin da Dokta ya ba ni sun cika. Layukana na makaranta suna buɗewa a ranakun nan, kuma na san idan ba a rufe su ba aikin shekara ya tafi, ba wanda zai karɓi sakamakon da iska ta sa wa hannu. Baba ya ce in koma, shi zai je Kankara, in dai gaya masa irin wadda zai yanko. Na fara yi masa bayani: wadda hudarta ta fara daga sama ta kai kusan tsakiya, ba wadda ta gama ba, ba wadda ba ta fara ba. Ina cikin bayanin na ga yadda yake kallona, na gane cewa mutumin da ya yi shekara arba'in yana noman dawa bai taɓa samun dalilin duba ta a wannan matakin ba. Na ba wani direba saƙo ya kai makaranta, na bi Baba.

Kawu Lawal mutum ne mai barkwanci. Da ya ji abin da ya kawo mu sai ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce ashe gajerar da aka raina ita za a zo nema wa aure, kuma har daga Sabuwa. Amma da muka isa gonar na nuna masa waɗanda za a yanka, dariyar ta tsaya. Ba a yanka dawa ɗanya. Manomi yana ganin hakan kamar yanka tunkiya mai ciki. Ya riƙe wuƙar ya kasa, ya ce shi dai bai san abin da zai ce wa Allah ba. Baba ya ce marayu biyar ne. Kawu ya miƙo mini wuƙar.

“Ungo, Malama. Ke kika karanta, ke za ki fara. In an tambaya gobe kiyama in ce ɗiyar ƙanwata ta sa ni.”

Na fara, shi ya ƙarasa. Muka naɗe su a jiƙaƙƙun buhuna, aka ɗaura a saman mota, Kawu yana gaya wa direba ya tafi a hankali, ango ne a sama. Muka isa ƙauyen Gwaggo rana tana faɗuwa. Gwaggo ta riga ta tattaro bokitai da tuluna na rabin unguwar, aka jera su a inuwa, muka tsoma karan.

Da gari ya waye mutane sun fi na jiya yawa. Ban yi niyyar yin jawabi ba, amma Malam Iro ya ce a nuna musu abin da ake magana a kai. Gwaggo ta cire baƙin mayafinta ta shimfiɗa a ƙasa. Na kaɗa zangarniyarta a gefe ɗaya, babu komai. Na ɗauko ta Kawu daga bokiti, ni ma ban tabbata tafiyar ba ta kashe ta ba. Na kaɗa. Gari rawaya ya sauka a kan mayafin kamar an barbaɗa kurkum. Dattijon da ya yi maganar baki ya tsuguna, ya dangwala da yatsa, ya ɗanɗana, ya ce shekararsa sittin yana shaƙar abin nan yana atishawa, bai san aiki yake yi ba.

Daga nan aka shiga gona. Bununi ba ya daɗewa da rai, da rana ta ɗaga ya mutu, don haka aiki ne na sauri. Kowa ya ɗauki zangarniya biyu, ya bi layi ta inda iska ke tasowa, yana kaɗawa a saman na Gwaggo. Dawar ta fi mu tsawo, sai da aka ɗaura wasu zangarniyoyin Kawu a kan gora. Malam Iro, wanda ya ce ba za ta yi ba, shi ya fi kowa sauri, yana tafe yana faɗa wa mutane su daina kaɗawa a ganye. Ni ina bi ina duba waɗanda gasunsu suka buɗe. Zangarniyoyin Kawu suka yi mana safiya biyu, ta uku suka ƙare. Gonar kuwa ba rana ɗaya take huda ba, don haka Baba ya koma Kankara, ya sake komawa, har Kawu ya aiko cewa abin da ya rage na iri ne, ko Sarki ya zo ba zai ba shi ba.

Sai jira. Wannan ne ya fi komai wuya, domin ido ba ya nuna ya ɗauka sai bayan kwanaki. Ruwa ya fara ja da baya, lokacin wake ya wuce, Malam Iro ya daina maganarsa. Kowace safiya ni da Gwaggo muna gona muna matsa ido da farce. A wasu zangarniyoyin, waɗanda suka riga mu bushewa, wani ruwa mai danƙo kamar zuma ya fara ɗiga, ƙudaje suka taru. Cuta ce da ke kama idon da bai sami barbara ba. Gwaggo ta tambaye ni sunanta, da dalilin da ya sa ba ta kama mai tsaba. Wata safiya ta matsa wani ido, farin ruwa kamar nono ya fito a farcenta. Ta miƙo mini yatsan. Muka bi layin muna matsawa, wannan akwai, wannan babu, wannan akwai.

Ba duka ta yi ba. Gefen da ya fara huda kafin mu zo ya tafi a banza, wasu zangarniyoyin kuma rabi tsaba rabi ƙaiƙayi. Amma inda ta kama, ta kama da kyau, kuma ta nuna tun sauran gonaki suna huda, sai da aka yi ta korar tsuntsaye don ita kaɗai ce abin ci a dajin. Abin da aka samu bai kai na shekara ba, ya dai kai su har bayan sallar layya, Baba da Malam Iro suka cike sauran.

Ni kuwa na koma makaranta na tarar layukana sun yi tsaba a fili, kyawawa, marasa amfani. Dokta bai yi faɗa ba. Ya ce saƙona ya iso, amma ba shi da hannun da zai ba aikina, kowa yana kan nasa. Na maimaita shekara. 'Yan ajinmu suka fita suka bar ni, wata dama ta ƙarin karatu da aka sa sunana a ciki ta wuce ga wani, ba ta kuma dawo ba. Kaurar Baba dai ta shiga cikin irin da aka ci gaba da aiki a kai, kuma na yi shekaru ina mayar da 'ya'yanta gare ta, zuriya bayan zuriya, don a sami uwa mai kamarta. Wannan labarin wani babi ne.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne Baba. Maganar cewa shi ya yi sakaci ta fara yawo tun a lokacin, bai kuma taɓa kare kansa ba. Ni ma, in faɗi gaskiya, na ɗauka al'adar rashin hana iri ce ta fi ƙarfinsa, ya ji kunyar ƙanwarsa ya miƙa mata tulun bai ce komai ba. Ban iya tambayarsa ba. Da hutun kaka na koma wurin Gwaggo don in ɗebi samfurin tsabar, in ga ko gajerar Kawu mai maidowa ce. Na same ta a bayan gida tana shiƙa. Na taya ta. Sau biyu na buɗe baki na rufe. A na uku na tambaye ta ko Baba bai gaya mata abin da na ce game da irin ba.

Ta ajiye ƙwaryar, ta kakkaɓe zanenta, ta dube ni kamar na yi tambayar yara.

“Ya gaya mini mana. Har sau biyu. Ya sauko mini da kaurarshi daga zaure, ya ce ga iri nan in ɗauka, na tulu kin ce ba a san ko shina haihuwa ba. Na ce mishi na tulun nika so. Na gaji da watan nan da rumbu ya ƙare dawa ba ta nuna ba, ɗiya suna kallona. Kuma tun bara da na ga kin sa mata hula nike son in ga mi za ta haifa. Ke kin tahi da naki makaranta ki gani. Ni a ina zan gani in ba a gonata ba? Ko ke kaɗai aka ce ki sani?”